Kafar Katanga

"Wa yaj ji sa'ad da marigayi yab ba ki gidan ga?" in ji alƙalin Argungu.

Maƙwabciyata ta sunkuyar da kai. Ba ta da takarda, ba ta haihu ba. Ƙannen mijinta sun taho daga Birnin Kebbi har da mai saye, wai gado ne, a ba ta rubu'inta ta tashi.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni naj ji."

"Tsohuwa, kina ɗakin?"

"Ina bayan katanga. Akwai wata 'yar kafa."

Aka kwashe da dariya. Shekara tara ke nan matar nan ba ta gaishe ni, tun ranar da ta kwaɓa laka ta toshe kafar, don kafin la'asar na kai labarin kyautar har bakin gulbi.

Alƙali ya ce ba a karɓar shaidar laɓe. Na koma na zauna abina.

Sai liman ya yi gyaran murya. Ya ce surutuna ne ya ishe shi a lokacin, ya ja mai unguwa suka je suka tambayi mijin nata, ya tabbatar musu da bakinsa.

Mai unguwa ya ce, "Hakanan anka yi."

Aka bar mata gidanta. Ko sannu ba ta ce mini ba.

Washegari ina tankaɗe, na ji ana ƙwaƙular katanga. Laka ta zubo, bakin wuƙa ya leƙo.

"Inna, matso," ta ce. "Ba ki ji abin da ƙannen nan sunka yi a tasha ba."