Notin da Ke Kwance Kansa

A shekara ɗaya na rasa miji, na samu injin niƙa. Injin ne ya ci shi: bel ya kama hannun rigarsa, kafin a kashe an gama. Ya bar mini 'ya'ya huɗu, da tsohuwarsa mai ciwon gwiwa, da shagon da ke jikin ɗakinta.

Ban yi zaman kuka ba. Na sa aka wanke ƙasan shagon, na ce da babban ɗana ya ajiye wasa, shi zai tsaya inda ubansa ya tsaya. Makaniki ya duba ya ce famfon mai ya mutu, sai sabo. Na sayar da 'yan kunnena, na ja ciniki har mai kaya ya ce, "Baiwar Allah, ke da mutuwa ma sai kun yi tayi."

Da aka ɗaura sabon famfo injin ya ƙi tashi. Makaniki ya ce iska ce ta shiga hanyar mai. Ya sassauta ƙaramin noti a kan filta, ya yi ta danna famfon hannu, mai yana fitowa da kumfa kamar ruwan sabulu. Da kumfa ta ƙare ya ɗaure. Ya sassauta na bakin nozul, ɗana ya murɗa handul har mai ya yi tsartuwa, ya ɗaure shi ma. Injin ya yi tari, ya kama, bel ya fara gudu. Mata suka jera kwanuka har bakin titi. Tsohuwa ta ja ƙofarta, ranar ko abinci ba ta taɓa ba.

Washegari shiru. Ɗana ya murɗa har tafinsa ya yi kanta. Makaniki ya zo ya tarar da notin bututu a sake, mai ya jiƙa ƙasa.

"Girgiza ce," in ji shi. Ya fitar da iska, ya ɗaure da ƙarfinsa.

Haka muka yi ta yi. Yau a niƙa, gobe a mayar wa mutane hatsinsu. Masu kwanuka suka fara wucewa shagon gaba, ko gaisuwa sai daga nesa. Buhun gidanmu ya kwanta. Tsohuwa kan leƙo ta ce, "Yau ma bai tashi ba?" in na ce a'a, sai ta kira jikanta ya zauna kusa da ita ya matsa mata ƙafa.

Ana haka mai sayen tsohon ƙarfe ya fara zarya da kurarsa ta turawa da sikelinsa. Ya ce a kilo zai sayi injin.

"Ka je ka auna uwarka," na ce masa. "Famfon da ke jiki kaɗai ya fi kurarka da kai a ciki."

Amma na ƙulla abin a raina. Me ya kawo shi daidai lokacin? Na tare makaniki a gaban mutane na ce bakinsu ɗaya, shi yana kwancewa, wancan yana tayi. Makanikin nan kuwa shi ya ɗauki gawar mijina a kafaɗarsa. Ya dube ni ya ce, "Matar yaya, noti ba ya kwance kansa kullum. Amma ba ni da makullin shagonki." Ya kwashe sifanunsa, bai sake dawowa ba.

Na ce to, ni ma na ga yadda ake yi. Da kaina na fitar da iskar, na ɗaure notin har kafaɗata ta amsa. Sannan na kankaro baƙin tukunya, na kwaɓa da giris, na shafe notin da bututun. Duk wanda ya taɓa, sabulu ba zai rufa masa asiri ba. Ban gaya wa kowa ba, har ɗana, don shi ma na fara kallonsa a kaikaice.

Da safe injin ya ƙi tashi. Na kama hannuwan ɗana na juya, fes. Na duba na ƙannensa, fes. Raina a jagule na ɗauki kofin shayi na kai wa tsohuwa, ina tunanin ta inda zan fara da maƙwabta.

Ta miƙo hannu ta karɓa. Yatsunta baƙi ƙirin har cikin farce. Ta ga na gani, ba ta ɓoye ba.

"Ɗa ɗaya na ba injin nan," ta ce. "Ba zan ba shi na biyu ina jin ƙararsa ta bango ba."

Da rana na aika a kira mai tsohon ƙarfe. Lafiyayyen inji mai sabon famfo, ni da ban taɓa sallama kaya a tayin farko ba, na ce ya ɗora a sikeli, na karɓi kuɗin kilo.