Hatimin Gaske a Hannun Ɓarawo

Yatsan tsohon na kan madanni, saura ƙiris ya buɗe wata manhaja a kwamfutarsa, sai 'yarsa ta cafke masa hannu.

"Baba, tsaya! Wa ya aiko maka wannan?"

"Kamfanin kwamfutar mana, wai ta gyara ce. Ga hatiminsu nan. Shekara talatin ina akawu a Ibadan, ke za ki koya mini hatimi?"

Kaf unguwa an san abin da ke cikin tsohuwar kwamfutar nan: muryar marigayiya matarsa, minti biyu kacal, babu irinta a ko'ina.

'Yar tasa Morayo, wadda gyaran kwamfuta ne sana'arta a Legas, ta bi diddigin hatimin. Na gaske ne kuwa. Sai dai kamfanin ya soke shi tun watan jiya, don ɓarayi sun sace shi, suna buga shi a kan manhajar da ke lalata duk abin da mutum ya adana.

Tsoho ya janye hannunsa daga madanni. "Ni ma a aljihun tebur nake barin nawa in tafi cin amala," ya ce a hankali. "Ko wa ya ɗauka, bugawa zai yi."

Ta goge manhajar, ta kwafe muryar a wayarta, ta kunna. Maƙwabta masu kasa kunne ta katanga duk sun zaci kalaman soyayya za su sha.

Sai muryar ta ce, "Baban Morayo, kai dai gaggawa! Bari miyar ta huce mana!"

Ya yi dariya har yana share ido da hannun riga.

"Na ji," ya ce. "Yau kam na ji."