Ajinmu a Ɗakin Doya

Ina aji uku iska ta yaye rufin makarantarmu a Yelwa. Aka ce za a gina sabuwa, amma har wata damina ta zagayo ba a sa hannu a zanen ginin ba, sai tulin yashi kawai a fili. Wani tsohon manomi, Baba Dauda, shi ya ara mana ɗakin da yake ajiye doya. Har littattafanmu ƙamshin ƙasa suke yi.

Wata rana dab da tashi, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, shaƙe da sabuwar doya. Na tuna Babana ya riga ya ce in muka sake rasa aji, ƙauye zai mai da ni wajen Goggo.

Malama Rifkatu ta fita ta durƙusa a gaban Baba Dauda, wanda ya zo tare da motar. "Baba, ka yi mana haƙuri zuwa Juma'a, mu nemi wani wuri."

Ya leƙo, ya daɗe yana kallonmu a kan tabarma. Sannan ya juya wajen direba, ya ce da irin Hausarsa, "Kai shi gindin mangwaro. Doya zai iya zauna waje. Yara su yi karatu."

Malama ta dawo ta ɗauki alli, ta rubuta kalma ɗaya sau biyu. Ba wanda ya gaya mata.

A ɗakin nan na gama aji huɗu. Sai da na girma na fara noma na san abin da rana da awaki ke yi wa doyar da aka bari a waje.