Ƙararrawar Rana Tsaka

Ranar da malamin makaranta ya ƙi kaɗa ƙararrawa, wata uku ke nan da Turawan kamfani suka kwashe akawunansu daga garin Isa, yaran makarantar Katolika suka bi iyayensu kudu. Malamin kaɗai ya rage, kullum da rana tsaka yana kaɗawa, yana jan addu'ar Maryamu ba mai amsa masa.

Da la'asar wani tsohon manomi ya yi sallama.

"Malam, lahiya? Yau ba mu ji ƙarhenka ba. Shi ka tashe mu daga gona mu kama hanyar masallaci. Duk mun makara Azahar."

Washegari malamin ya kaɗa. Da ya zo inda yara suka saba amsawa a cikin addu'ar, sai ya yi shiru, yana hangen manoma can nesa suna saɓa hauya a kafaɗa.