Hannu a Kan Kwando

Kujera biyu Consuelo ta fito da su daga motar da take kwana a ciki, kamar kullum in bikin balan-balan na birnin Albuquerque a Amurka ya zagayo. Ta zauna a ɗaya. Ɗayar ta mijinta Eloy ce, yau shekara huɗu da rasuwarsa. Amininsa Amadeo ya sani, shi ya sa ya tsaya a tsaye riƙe da gahawa kofi biyu.

Gari na wayewa, ɗaruruwan manyan balan-balan, irin masu tashi sama da mutane a cikin kwando, na kumbura a fili, wuta na huci a cikinsu. Ga wadda Eloy yake tuƙawa a da can, ruwan ɗorawa, da facin da Consuelo ta ɗinka mata. Wasu baƙi ne suka saye ta.

"Ki aure ni, Chelo," in ji Amadeo, da sunan da ya saba kiran Consuelo. "Na gaji da kawo gahawa ina komawa."

Ba ta dube shi ba. "Shekara nawa ka yi kana danne wa Eloy kwandon balan-balan kafin ya tashi?"

"Ashirin."

"Ka taɓa ɗauke hannu bai ce a ɗauke ba?"

"Wa ya isa? Ai sai matuƙi ya ce."

"To ni barci ya sace ni a asibiti. Na farka ya tafi, bai ce min komai ba."

Balan-balan ɗin Eloy ta tashi, inuwarta ta ratsa ta kansu. Sai a lokacin Amadeo ya lura da hannun Consuelo. Yana kan kujerar da ba kowa, ta danne ta da ƙarfi.