Faifan da Zafi Ya Lanƙwasa

Zafin saman mota ne ya lanƙwasa faifan garmahon Baba, ranar da muka ƙaura daga Affala zuwa Tawa. Ya sa shi tsakanin gilasai biyu, ya shanya a rana har ya yi laushi, sannan ya kai inuwa ya ɗora katako.

"Zamna bisa, ɗiyata. Kada ki motsa."

Na zauna har la'asar ina gunaguni. Da ya ɗora allura, sai muryar mawaƙiyar ta fito tana karkarwa kamar kukan akuya. Na fashe da dariya har da buga ƙafa.

Baba ya ɗage allurar a hankali. "Waƙar da innarki ke bi in tana daka ce," ya ce.

A daminar shekarar Inna ta rasu. Bai ƙara sa faifan ba. Yau ko baiti ɗaya ba na iya tunawa, dariyata kaɗai nake ji.