Riga Mai Hannu Ɗaya

Tun da ƙwayar da samari ke kira Shuɗiya ta fara ɓata 'ya'ya tun suna ciki, masu kayan jarirai suka raba rumfunansu biyu. Inna Tasalla ba ta sani ba sai da ta je sayen rigar jikan da take jira.

"Inna, uban ya taɓa shan Shuɗiya?" in ji Ɗanliti mai rumfar.

"Kai, wane irin rashin kunya ne wannan? Riga na zo saye ko tonon asiri? Yaron ya daina tun kafin aure, yanzu shi ke kiran salla a unguwarmu!"

"Allah ya karɓi tubansa, Inna. Amma likitoci sun ce ba ta barin jini."

Ta ja tsaki, ta juya wa ɓangaren hagu baya, inda riguna masu hannu ɗaya ke rataye. Ta ɗauki fara mai hannu biyu, ta fita tana mita.

Ba ta kai bakin titi ba ta dawo.

"Ƙunso mini ɗaya daga can," ta ce, idonta a ƙasa. "Kuma kada ka haɗa su leda ɗaya."